Sabon maganin emasi: kafin a tambayi kuɗinsa, wa zai karanta abin da ke cikinsa?

A ranar 8 ga watan Disamban 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da magunguna biyu na cutar emasi, wadda aka fi sani da amosanin jini ko sikila. Na farko, Casgevy, an sa masa farashin dalar Amurka miliyan 2.2. Na biyu, Lyfgenia, dalar Amurka miliyan 3.1, wato sama da miliyar ɗaya da rabi na kuɗin sefa ga majinyaci ɗaya. Labarin ya zagaya shafukan sada zumunta daga Yamai zuwa Damagaram, kuma kusan duk muhawarar ta tsaya ne a kan tsadar.

Abin da bai samu kulawa ba shi ne gargaɗin da aka rubuta cikin baƙin akwati a takardar Lyfgenia, wanda shi ne gargaɗi mafi tsanani da FDA ke ɗora wa magani: an samu sankarar jini a jikin wasu daga cikin waɗanda aka yi wa shi. Dalilin gargaɗin yana da alaƙa da yadda maganin ke aiki. Birus ne ake aika ya kai gyara cikin ƙwayoyin jini, kuma a yau babbar tambayar da ke gaban masana'antu da hukumomi ita ce yadda za a tabbatar da cewa abin da birus ɗin ya ɗauka shi ne abin da aka ba shi, sannan ya ajiye shi inda ba zai yi ɓarna ba. Amsar da ake ƙara dogaro da ita ita ce karanta jerin haruffan DNA.

Birus a matsayin ɗan aike

DNA, ko ADN ga waɗanda suka yi karatu da Faransanci, rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Jikin ɗan Adam yana ɗauke da kusan haruffa miliyar 3, kuma a cikinsu ne ƙwayoyin gado suke, kowace da aikinta. Emasi kuskuren harafi ɗaya ne tak. A ƙwayar gadon da ke ƙera wani ɓangare na hemoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, an samu T a gurbin A. Wanda ya gaji kuskuren daga uwa da uba shi ne ke fama da ciwon ƙashi, ƙarancin jini da kwanciya asibiti.

Tunanin da ke bayan sabon maganin mai sauƙi ne a faɗa: a kai wa jiki kwafi mai lafiya na ƙwayar gadon. Wahalar ita ce shigar da shi, domin ƙwayoyin jiki ba sa buɗe ƙofa ga baƙon DNA. Birus kuwa shiga ƙwayoyin jiki sana'arsa ce. Don haka masana suka riƙa cire wa wasu birus abubuwan da ke sa su cutarwa da hayayyafa, su bar kwanson, su cusa saƙon da suke so a ciki.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai AAV, ƙaramin birus da ba a san shi da haddasa cuta ba, wanda kwansonsa ke ɗaukar haruffa kusan 4,700. Da shi aka yi Luxturna na wani nau'in makanta na gado a 2017, da Zolgensma na shanyewar tsokar jarirai a 2019, da Hemgenix na cutar rashin daskarewar jini a 2022. Shi ana zuba shi kai tsaye cikin jiki. Sai kuma lentibirus, wanda aka ƙera daga birus ɗin SIDA bayan an kwance masa makamai. Da shi Lyfgenia ke aiki: ana ɗebo uwayen ƙwayoyin jini daga jikin majinyaci, a haɗa su da birus a ɗakin gwaji, a share ɓargon majinyacin da magani mai ƙarfi irin na sankara, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara. A gwajin da FDA ta dogara da shi, mutum 28 cikin 32 ba su sake samun tashin ciwo ba tsakanin wata na 6 da na 18 bayan magani. Casgevy shi kuwa ba ya amfani da birus, wata dabara ce ta yanke DNA da ake kira CRISPR.

Abin da ke iya shiga kwanso

Ba a ƙera birus kamar yadda ake buga ƙwayar parasetamol. Ana noma shi ne a cikin rayayyun ƙwayoyin halitta da ake kiwo a manyan tukwanen ƙarfe, galibi ƙwayoyin ɗan Adam da ake kira HEK293, ko na wani ƙwaro da ake kira Sf9. Ana ba su zobban DNA masu ɗauke da umarni, su kuma su harhaɗa kwanso su cika shi. Abu mai rai kuwa ba ya aiki da ƙa'idar inji.

Duk wanda ya taɓa sayen buhun gujiya a kasuwar Maraɗi ya san ba kowane kwanso ne ke da ƴaƴa ba. Haka abin yake a nan. Wasu kwansunan suna fitowa holoƙo, babu komai a ciki. Wasu suna ɗaukar rabin saƙo. Wasu saƙon ya naɗe ya koma kansa. Wasu kuma sun kwaso abin da ba a aike su da shi ba: gutsuren zoben DNA da aka yi aiki da shi, wanda kan ƙunshi ƙwayar gadon jure wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kuma gutsuren DNA na ƙwayoyin da aka noma birus ɗin a cikinsu. Za a iya wanke DNA da ke yawo a wajen kwanso da sinadari mai narkar da shi. Wanda ya riga ya shige ciki, kwanson ne ke ba shi kariya.

Yawan abin da ake zubawa a jiki shi ke sa ƙaramin kuskure ya zama babba. Ana ba da Zolgensma a kan birus tiriliyan 110 ga kowane kilo na nauyin yaro. Jariri mai kilo 5 zai karɓi tiriliyan 550 a zama ɗaya. A yi lissafi na misali: ko da ɗaya cikin dubu ne ya ɗauki saƙon da ba daidai ba, an zuba wa yaron miliyar 550 na irinsa. Kuma wannan magani ne da ba a iya janyewa. Ƙwayar da ba ta karɓi mutum ba sai ya daina sha. Wannan idan ya shiga, ya shiga ke nan.

Daga ƙirga zuwa karantawa

Tsawon shekaru masana'antu sun dogara da gwajin PCR, wanda mutane da yawa suka san sunansa lokacin korona. PCR na da kaifi, amma yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Idan aka ce ya nemo wani gutsure mai haruffa ɗari a tsakiyar saƙo, zai ƙirga duk kwanson da ke da wannan gutsure a matsayin cikakke, ko da kansa da wutsiyarsa sun ɓace. Abin da ba a yi tunanin nema ba kuwa, ba zai gan shi ba sam.

Na'urorin karanta DNA na zamani sun sauya tambayar. Ana fasa kwansunan, a kwashe duk abin da ke ciki, a karanta shi harafi bayan harafi, sannan kwamfuta ta gwada da abin da ya kamata a gani. A 2015 wasu masu bincike a birnin Nant na Faransa suka wallafa hanyar yin hakan ga AAV da na'urorin kamfanin Illumina, suka iya faɗin kason da ya fito daga saƙo na gaskiya da wanda ya fito daga datti. Sai dai waɗannan na'urori suna datsa DNA gunduwa-gunduwa, haruffa ƴan ɗaruruwa a lokaci guda, su karanta, sannan a harhaɗa. Idan aka yayyaga wasiƙu dubu aka zuba a ƙwarya ɗaya, za a iya gane kalmomin da ke ciki, amma da wuya a san wasiƙa nawa ce tun asali ba ta cika ba.

A nan ne na'urori masu dogon karatu, na kamfanonin PacBio da Oxford Nanopore, suka shigo. Suna iya karanta saƙon AAV daga farko har ƙarshe ba tare da an datsa shi ba, har da bakinsa biyu masu haruffa 145 kowanne, waɗanda ke lanƙwashewa su ba tsofaffin na'urori wahala. A 2018 ɗakin binciken Farfesa Guangping Gao a Jami'ar Masacusets ya nuna da wannan hanya cewa a cikin wasu kwansunan saƙon ya haɗe da gutsuren DNA na ƙwayoyin da aka noma birus ɗin a cikinsu, ya zama abu guda. Tsohon gwaji ba zai iya nuna wannan ba.

Karatun yana kuma tona baƙin birus da suka laɓe. A 2014 masu bincike na FDA suka gano wani birus da ba a san da shi ba a cikin ƙwayoyin Sf9, waɗanda aka daɗe ana aiki da su ana ɗauka tsabtatattu ne. Ba a nuna yana cutar da mutum ba, amma tun daga lokacin ya zama abin da masana'antu ke nema su kuma tabbatar sun kawar. A watan Nuwamban 2023 majalisar ICH, inda hukumomin magunguna na Amurka, Turai, Japan da wasu ƙasashe ke daidaita ƙa'idojinsu, ta sabunta ƙa'idarta kan tsaron birus, ta shigar da birus ƴan aike a ciki, ta kuma ƙarfafa a yi amfani da karatun DNA a madadin wasu gwaje-gwajen da ake yi a kan dabbobi.

Inda saƙon ya sauka

Ga lentibirus akwai tambaya ta biyu, kuma ita ce ta shafi masu emasi kai tsaye. Shi ba ya ajiye saƙo a gefe. Yana ɗinke shi ne a cikin DNA na majinyaci, a wurin da babu mai zaɓa masa. Idan ya faɗa kusa da ƙwayar gadon da ke sarrafa hayayyafar ƙwayoyin jini, yana iya kunna ta.

Hakan ya taɓa faruwa. A asibitin Necker da ke Paris, da kuma a Landan, an yi wa yara 20 da aka haifa ba su da garkuwar jiki magani da wani tsohon nau'in birus ɗan aike. Mafi yawansu sun samu lafiya, amma daga 2002 shida suka kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu. Binciken DNA ya nuna a mafi yawansu birus ɗin ya sauka ne kusa da ƙwayar gado mai suna LMO2. Wannan ne ya sa aka sake fasalin ƴan aiken. A wannan asibiti na Necker ne kuma, a 2014, ƙungiyar Farfesa Marina Cavazzana ta yi wa yaro ɗan shekara 13 mai emasi magani da sabon lentibirus, karo na farko a duniya.

A watan Fabrairun 2021 kamfanin bluebird bio, mai Lyfgenia, ya dakatar da gwajinsa bayan wata majinyaciya ta kamu da sankarar jini. Cikin ƴan makonni aka karanta DNA na ƙwayoyin sankarar, aka gano birus ɗin ya sauka a wata ƙwayar gado mai suna VAMP4, wadda ba a san ta da hannu a sankara ba, yayin da aka ga wasu sauye-sauyen da aka saba gani a irin wannan cuta. Aka kammala da cewa da wuya birus ɗin ne musabbabi, gwajin ya ci gaba. Amma a wani maganin na kamfanin, Skysona, na wata cutar ƙwaƙwalwa ta yara maza, irin wannan bincike ya nuna akasin haka. Rahoton da aka wallafa a watan Oktoban 2024 ya ce yara 7 cikin 67 sun kamu da sankarar jini, kuma a mafi yawansu birus ɗin ya sauka a ƙwayar gadon MECOM. Na'ura ɗaya ta wanke ɗan aike a wuri guda, ta kama shi a wani.

Shi ya sa takardar Lyfgenia ta buƙaci a riƙa auna jinin majinyaci aƙalla kowane wata 6 na tsawon shekara 15, a kuma binciki wuraren da birus ya sauka a wata na 6 da na 12. Ke nan maganin da ake kira na sau ɗaya yana tafe da sa ido na shekaru, kuma sa idon yana buƙatar ɗakin gwaji mai iya karanta DNA.

Abin da na'ura ba ta gani

Karatun DNA ba shi ne ƙarshen magana ba. Kwanson da yake holoƙo ba shi da abin karantawa, sai an ƙirga shi da wasu na'urori dabam, alhali shi ma yana tayar da garkuwar jiki. Saƙo na iya zama daidai harafi da harafi amma jiki ya ƙi ɗan aiken. Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18, ya rasu a Jami'ar Pensilbeniya a watan Satumban 1999 kwana huɗu bayan an zuba masa birus, saboda yadda garkuwar jikinsa ta harzuƙa. A 2025 majinyata biyu da aka ba Elevidys, maganin wata cutar tsoka da kamfanin Sarepta ke yi da AAV, sun rasu da gazawar hanta. A watan Yuli FDA ta nemi a dakatar da rarraba shi, daga baya ta amince a ci gaba da ba waɗanda ke iya tafiya da ƙafarsu.

Sai kuma batun gaskiya. A watan Agustan 2019 FDA ta bayyana cewa an yi aringizo a wasu alƙaluman gwajin ɓeraye da aka gabatar mata kan Zolgensma, kuma kamfanin AveXis, reshen Novartis, ya san da matsalar kafin a amince da maganin amma bai sanar ba sai bayan haka. Hukumar ta bar maganin a kasuwa domin sakamakon da aka samu a kan yara bai canza ba. Darasin shi ne, ko a Amurka, hukuma tana karanta takardun da mai sayarwa ya miƙa mata ne. Ƙasar da ba ta da hanyar duba kayan da kanta, cinikin biri a sama take yi.

Me ya shafi Nijar?

Wani babban nazarin cututtuka na duniya ya ƙiyasta cewa a 2021 an haifi jarirai kusan 515,000 da emasi, kusan kashi 80 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. A Nijar ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin cutar. Babu wanda ke tsammanin ganin Lyfgenia a Cibiyar Ƙasa ta Kula da Masu Emasi da ke Yamai nan kusa. Ko Turai kamfanin ya fice daga kasuwarta a 2021 bayan ya kasa daidaitawa da Jamus kan farashin wani maganinsa.

Amma ana shirin wani abu dabam. A watan Oktoban 2019 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, NIH, da Gidauniyar Gates suka sanar da zuba dalar Amurka miliyan 200 don samar da maganin gado na emasi da SIDA mai rahusa, da burin kai gwajinsa Afirka cikin shekara 7 zuwa 10. A 2021 gidauniyar ta ƙulla yarjejeniya da Novartis kan maganin emasi da za a yi da allura kai tsaye, ba tare da fitar da ƙwayoyin jini ba. Idan irin wannan ya tabbata, zai zo ne a kwalba, kuma inda masu cutar suke nan za a nemi masu gwaji.

Nijar ta san abin da kwalba ke iya ɓoyewa. A 2015, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun alluran rigakafin cutar da aka gano a ƙasar, ta kuma sake yin haka a 2019. Ƙasar na da ɗakin gwaji na LANSPEX mai auna ingancin magunguna, da cibiyar bincike ta CERMES mai bin diddigin ƙwayoyin cuta. A matakin nahiya, yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka, mai mazauni a Kigali, ta fara aiki a watan Nuwamban 2021. Ita kanta na'urar ba ta fi ƙarfin yankin ba: MinION ta Oxford Nanopore tana shiga aljihu, an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015, kuma cibiyar ACEGID da ke garin Ede a Najeriya ce ta fara karanta birus ɗin korona a Afirka a watan Maris na 2020. Abin da ya fi na'ura wuyar samu shi ne sinadaran aiki da ba sa yankewa, lantarki mai tsayawa, da mutanen da suka iya fassara miliyoyin haruffan da kwamfuta ke fitarwa. Wannan na ƙarshe fage ne da ke buɗe ga ɗaliban kimiyyar halittu da na kwamfuta a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da ƴan ƙasar da ke karatu a waje.

Ga iyalan da ke tara kuɗi a ƙetare don nema wa ɗan'uwa magani, akwai abin lura tun yanzu. Lyfgenia da Casgevy ana yin su ne da ƙwayoyin jinin majinyacin kansa, a asibitoci ƙalilan da aka tantance, tare da kwanciya ta makonni. Ba a sayar da su a farmasi, ba a aiko su ta hannun matafiyi. Duk wanda ya tallata maganin gado na emasi a WhatsApp ko Facebook, a kwalba ko a ƙulli, damfara yake yi. Wanda kuma aka yi wa tayin shiga gwaji yana da haƙƙin ya tambayi hukumar da ta ba da izini, da ɗakin gwajin da ya duba birus ɗin, da wanda zai ɗauki nauyin bin lafiyarsa na shekara 15.

Kafin wannan rana, abubuwan da ke ceton rai a yau ba su canza ba: gwajin jini kafin aure, gano cutar tun jariri na goye, alluran rigakafi, penisilin ga ƙananan yara, da maganin hidroksiyuriya a ƙarƙashin kulawar likita. Su ne ya kamata su fara samun kuɗi. Sai dai horar da masanin da zai iya karanta abin da ke cikin kwanson birus yana cin shekaru, kuma shekarun da NIH da Gates suka ɗiba sun fara ƙirguwa tun 2019.